BULALA BA TA KASHE JAM'IYYAR TALAKA, NISA KE KASHE TA

Ga jawabin da Akawun Jam'iyya ya yi wajen laccar da aka yi wa mambobi da 'yan kasuwa a Dogon Daji, inda wakilan rassanmu na ƙasar Tambuwal da na Kebbe suka hallara. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa 'yan'uwansu waɗanda ba su iya ba.

Shugaban taro, dattawa, malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwana talakawa, assalamu alaikum.

Na gode muku da kuka bar rumfunanku da gonakinku kuka zo. Na sani waɗansunku sun zo da niyyar su ji na zagi masu mulki, amma yau ba su ne a gabana ba. Maganar yau ta cikin gida ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tambaya guda na zo da ita: mene ne ke kashe jam'iyyar da aka kafa domin talaka? Ba sai mun tafi nesa neman amsa ba, gama abin ya faru a ƙasar nan tamu, kuma cikin dattawan da ke zaune nan akwai waɗanda suka gan shi da idonsu.

Ran 8 ga watan Agusta 1950 mutum takwas suka taru a Kano suka kafa NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. A 1953 Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Samari, ku tambayi kakanninku yadda talaka ya ke a zamanin nan. Yana biyan haraji a kan kansa, Bafillace yana biyan jangali a kan ko wace saniya, ga aikin tilas a gandun mai gari, ga gaisuwa wadda ba ta cikin ko wane littafi. In ya yi ƙara, alkalin na En'e ne, ɗan dokan da ya kamo shi na En'e ne, gidan yarin ma na En'e ne.

Su wane ne suka ɗauki jam'iyyar nan a ka? Teloli ne da mahauta da marina da masaƙa da 'yan koli da malaman allo. Alhaji Tanko Yakasai da kuka sani, tela ne tun fari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ba ta yi zurfi a makarantar boko ba, amma an ce sau goma sha shida ana ɗaure ta. An yi wa 'yan NEPU bulala, an hana su izinin lacca, an kore su daga rumfunansu, a waɗansu wurare ma faɗin kalmar Sawaba kaɗai ya isa a kai mutum gaban alkali. Nan Lardin Sakkwato kuwa, inda ya ke gidan Sardauna, wanda duk ya karɓi katin NEPU ya san abin da ya saya wa kansa.

Wajen zaɓe ma ba su ga da kyau ba. A 1951 an yi zaɓe mai hawa-hawa, suka ci a matakin ƙasa a birnin Kano, kafin a kai matakin sama an tankaɗe su sarai. A zaɓen Tarayya na 1959 NPC ta sami kujera 134, NEPU ta sami 8 kacal. A 1966 soja suka rushe jam'iyyu duka. To, ga abin mamaki. Bayan shekara goma sha biyu ba ofis, ba tuta, ba kati, da aka buɗe siyasa a 1978 Malam Aminu ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, sai ga mutanen nan sun fito kamar jiya aka rabu. Bulala ba ta kashe ta ba, kurkuku bai kashe ta ba, faɗuwa zaɓe ba ta kashe ta ba.

Me ya riƙe ta? Ɗan NEPU na ko wane gari maƙwabcinka ne, kuna cin kasuwa ɗaya, kuna salla masallaci ɗaya. In an aza maka harajin da ya fi ƙarfinka, ko an ƙwace maka gona, shi za ka samu, ya rubuta maka takarda, ya raka ka wurin Di'o, in an ɗaure ka ya bi sawun shari'arka. Gidan Malam Aminu na Gwammaja kuwa ba a neman iso kafin a shiga. Abin da ke damun talaka shi ne aikin jam'iyya na yau da gobe, ba a jira sai an kaɗa gangar zaɓe.

A 1979 Allah ya kawo nasara. PRP ta ci gwamnan Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa, ta ci na Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Ta sami sanata 7 da wakilai 49 a Ikko. Malam Aminu ya sami ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai a takarar shugaban ƙasa. Nan wajenmu kam NPN ce ta kwashe, tun da ya ke Alhaji Shehu Shagari ɗan gida ne, garinsu na kan hanyar nan da ta bi ta gabanmu zuwa Sakkwato. Amma har nan labari ya iso, cewa Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa da hawansu sun soke haraji da jangali. Abin da aka yi shekara kusan talatin ana shan duka a kansa, rana ɗaya aka sauke shi daga wuyan talaka. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, a shekarar nan kuma ya mai da ran 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata. Kada kowa ya ce mutanen nan ba su yi aiki ba. Sun yi, Allah ya ji ƙansu.

Amma ku saurari abin da ya biyo baya. Gwamnonin biyu suka shiga zama da gwamnonin UPN da na GNPP, abin da aka riƙa kira taron gwamnoni tara. Shugabannin jam'iyya suka ce su bari, suka ƙi, a 1980 aka ce an kore su. Jam'iyya ta dare biyu. Ɓangaren gwamnoni aka sa masa suna Santsi, suka ɗauki tsohon shugaban 'yan ƙwadago Michael Imoudu ya zama jagoransu. Ɓangaren Malam aka sa masa suna Taɓo. 'Yan Santsi suna cewa 'yan Taɓo sun karkata wajen NPN da attajirai, 'yan Taɓo suna cewa 'yan Santsi 'yan boko ne masu girman kai, waɗanda suka hau tsani suka harbe shi.

Ban zo nan in raba musu gardama ba, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da na ke so ku duba shi ne, a ina aka yi faɗan nan? An yi shi a gidan gwamnati, da otal-otal na Kaduna da Ikko, da ofishin hukumar zaɓe, da kotu, da shafukan jaridun Turanci. A kan me? A kan wa zai zauna da wa, da wane ɓangare ne ke da ikon riƙe mabuɗi. Mahaucin da aka ɗaure a 1957 ba shi aka kira ya yanke hukunci ba, sai dai aka zo aka ce masa ya zaɓi gefe. Wa da ƙane suka daina gaisawa, abokan rumfa suka raba tabarma, a kan maganar da ba ta ƙara wa ko ɗayansu mudun gero ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Majalisar Kaduna, inda NPN ke da rinjaye, ta ƙi amince wa Balarabe Musa da kwamishinoni, ran 23 ga Yuni 1981 kuma ta tsige shi. Ran 10 ga Yuli na shekarar nan aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Ran 17 ga Afrilu 1983 Malam Aminu ya rasu. Rimi ya koma NPP ya faɗi, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya riƙe wa PRP Kano, Kaduna kuwa ta tafi hannun NPN. Ɗan takarar PRP na shugaban ƙasa bai kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba. Lalle an yi maguɗi a zaɓen nan, ba mai musun wannan. A ƙarshen Disamba soja suka sake rushe kome.

Yanzu ga wurin da za ku auna. Soja sun rushe NEPU, ta tashi da ƙarfin da ya fi na da. Soja sun rushe PRP, an sake yi mata rajista daga baya, Balarabe Musa ya riƙe ta da gaskiya shekara da shekaru, amma har ya rasu a 2020 ba ta sake cin gwamna ko ɗaya ba. Sojan dai ɗaya ne. Bambancin shi ne, na farko sun tarad da itace mai saiwa, na biyu sun tarad da wanda saiwarsa ta riga ta fara bushewa.

Akwai wani dalili kuma wanda ba a cika faɗinsa ba, shi ne ya fi damuna. Shekara talatin ɗan jam'iyya in ya shiga ƙauye ya san kalmar da zai fara da ita: haraji. Ko kurma ya fahimci wannan. Ranar da aka soke haraji, ranar nan jam'iyya ta ci nasara, ranar nan kuma babbar maganarta ta ƙare. Abin da ya kamata shi ne a koma kasuwa da tabarma a zauna, a ce, to jama'a, mun sauke wannan, wanne ne kuma ya fi muku nauyi? Gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A maimakon haka ƙarfin manya ya tafi wajen rigimar junansu, masu ilmi kuma suka shiga kawo manyan kalmomi na littattafai, waɗanda sai an fassara su sau biyu kafin su isa kunnen mai tallan goro. Yau sunan Malam Aminu yana kan filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa, ko wane ɗan siyasa yana cewa shi almajirinsa ne, amma wa ke rubuta wa talaka takarda ya raka shi ofis?

Kada ku zaci ciwon nan namu ne mu kaɗai. A Ingila ƙungiyoyin ma'aikata ne suka kafa Jam'iyyar Leba a 1900, da kuɗin da leburori ke tarawa. Ita ce ta kawo musu asibiti kyauta a 1948. Sannu-sannu aka rufe ramukan kwal da masana'antu, shugabancin jam'iyya ya koma hannun lauyoyi da masu digiri na manyan birane, suka ɗauka ƙuri'ar garuruwan leburori gado ce, ba inda za ta. A 2016 yawancin garuruwan nan suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, alhali manyan jam'iyyarsu sun ce a zauna. A zaɓen 2019 Leba ta yi faɗuwar da ba ta yi irinta ba tun 1935. Har mazaɓar Bolsover ta tafi, inda Dennis Skinner, tsohon mahaƙin kwal, ya ke wakilci tun 1970. Sun dawo mulki a 2024, amma da ƙuri'ar mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka jefa. A Faransa jam'iyyar 'yan gurguzu ta ci shugaban ƙasa a 2012, bayan shekara goma 'yar takararta ba ta sami ko biyu cikin ɗari ba. A ƙasashen nan ba dogari, ba bulala, ba soja. Nisa ne kaɗai. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

To, mu komo gida. Wa ya ce muku haraji ya mutu? Riga ya sake. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai ɗaukar albasa daga Aliero, da mai kai hatsi Jega, da mai kabu-kabu tsakanin nan da Kebbe, ko wannenku ya biya wannan, ba kuwa wanda ya ba shi rasit. A farkon 2023 aka canja takardun kuɗi, tsabar kuɗi ta ɓace, mutum ya kawo akuya kasuwa ya koma da ita ko ya karyar. An rufe kan iyaka a 2019, aka sake rufe ta Nijar a 2023, fatake suka zauna. Ga kuɗin taki. Ga shingayen hanya, inda direba ke miƙa hannu tun daga Sakkwato har Jega. Mafi muni duka, a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga sun aza wa ƙauyuka kuɗin noma da na girbi, haraji sosai, wanda in ba a biya ba rai ne a bakinsa. Waɗannan su ne haraji da jangalin zamaninmu. Jam'iyyar da ba ta san nawa ɗan kasuwa ke kashewa kafin buhunsa ya isa Jega ba, ba ta da abin da za ta faɗa masa.

Talaka kuwa ba wawa ba ne. Ana zarginsa wai yana sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu da turmin atamfa. Ban ce ya kyauta ba. Amma wanda ba ya ganin ɗan siyasa sai sau ɗaya a shekara huɗu, ya san in bai karɓa ranar nan ba, ba wata rana kuma. Da yawa ma sun daina fitowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a wajen miliyan 25 ne. Sauran fa? Suna gida, sun duba ba su ga nasu ba. Ina za su gan shi, alhali a 2022 takardar neman takarar shugaban ƙasa kaɗai naira miliyan 100 ce a APC, miliyan 40 a PDP? Wanda ya biya wannan ya san wa zai fara tunawa in ya hau.

Saboda haka ina kawo wa rassanmu shawara huɗu, ku tattauna su ku ba da amsa.

Ta fari, kuɗin jam'iyya ya fito daga aljihunmu. Ko wane mamba ya biya kuɗin katinsa ko wane wata, kome ƙanƙantarsa. Ma'aji ya zama ɗan kasuwa wanda kowa ya san rumfarsa, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a. In wani attajiri ya zo da mota da tutoci ya ce zai ɗauke mana nauyi duka, mu gode masa mu ba shi kati irin na kowa. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Ta biyu, ko wane reshe ya ajiye littafin koke. Ran kasuwa sakatare ya shimfiɗa tabarma inda kowa zai gan shi. Wanda aka karɓar wa kuɗin rumfa ba rasit, wanda aka cire sunansa daga rabon taki, wadda ta je asibiti ba ta tarad da ma'aikaci ba, duk a rubuta, ko ɗan jam'iyyarmu ne ko ba namu ba. A kai sakatariyar ƙaramar hukuma a Tambuwal ko Kebbe, a komo a faɗa wa mai koke amsar da aka samu, in ma ba a samu ba a faɗa masa. Daga littafin nan manufarmu za ta fito, ba daga Abuja za a aiko mana da ita ba.

Ta uku, mu da aka sa makaranta muka iya biro, aikinmu rubutu ne da kai saƙo. Akawu bara ne, ba mai gida ba. Ko wace magana da za a yi da sunan jam'iyya, a fara gwada ta a kan mai sayar da daddawa. In ba ta gane ba, maganar ce ba ta nuna ba, a mai da ita wuta. A kwamitin ko wane reshe kuma manoma da masu sana'a su fi ma'aikatan ofis yawa, iyayenmu mata su sami kujerunsu na kansu. Sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, bayan wahalar da irin su Hajiya Gambo suka sha, ba kuwa domin a riƙa tara su ranar guɗa kaɗai aka sha ta ba.

Ta huɗu, wanda duk muka tsayar, ko kansila ne, ya yi alkawari gaban jama'a cewa ko wane wata zai zo ya zauna a tabarmar nan ya amsa tambaya. In kuma manyanmu sun sami saɓani, kuma lalle wata rana za su samu, kada su kai mu kotu ko gidan rediyo. Su zo nan su faɗi hujjarsu da Hausa, masu kati su ɗaga hannu. Da an yi haka a 1980, wataƙila da yau ba mu san Santsi da Taɓo ba sai a bakin rafi da damina.

Na sani wani zai ce, Malam Akawu, wannan hanya doguwa ce, zaɓe kuwa ba ya jira. Gaskiya ne doguwa ce. Mutanen 1950 sun yi shekara ashirin da tara kafin su ga gwamna nasu, waɗansu sun mutu ba su gani ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Masu kuɗi za su fi mu mota, za su fi mu atamfa, za su fi mu lasifika. Abu guda ne ba su iya saye, watau a ce ran da aka zalunci mutum ya san ƙofar da zai buga, a kuwa buɗe masa. Zumunta a ƙafa ta ke, siyasar talaka ma haka.

Sakatarorin rassa su tsaya bayan an tashi, za mu shirya yadda za a buɗe littattafan koke tun daga kasuwa mai zuwa. Wanda ke da koke tun yau kuma kada ya tafi da shi gida, ga takarda ga biro.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka sha wuya dominmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya da damina mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.